Kafin ka sayi lens ɗin 50mm, duba sensar kyamararka

Jama'a don Allah masu shirin sayen lens ɗin 50mm (lambar mm ita ke nuna faɗin wurin da lens zai ɗauka, in ta ƙaru wurin ya ragu) saboda an ce shi ne daidai da ganin ido, ku tsaya tukuna. Wannan maganar ta kyamara mai cikakkiyar sensa ce (sensa ita ce farantin cikin kyamara da ke kama hoton), mai girman 36mm da 24mm. Yawancinmu kuwa kyamarar da ake kira APS-C muke riƙe da ita, sensarta ƙarama ce, tsakiyar hoton kawai take kamawa ta zubar da gefe-gefen, shi ya sa za ka ga kamar an yi zumin alhali lens ɗin bai canja ba ko kaɗan.

Lissafin ba wuya. In Nikon ce ko Sony ko Fujifilm ka ninka lambar mm ta lens ɗin da 1.5, Canon kuma 1.6. Kenan 50mm a Canon zai ba ka abin da 80mm ke ɗauka a cikakkiyar sensa, ya yi kyau sosai wajen ɗaukar fuska, amma a ɗaki ƙarami wallahi sai ka ja baya har ka jingina da bango mutane ba su gama shiga ba.

Ni dai shawarata ka nemi 35mm, shi ne zai dawo kusan 50 ɗin da kake so. Ko an rubuta DX ko EF-S a jikinsa (alamar Nikon da ta Canon cewa lens ɗin na ƙaramar sensa ne) ma sai ka ninka.