Yadda za ku raba kanku da rigimar ƙarshen layi a Git

A ƙananan ƙungiyoyin masu rubuta manhaja na nan Nima da Mamobi a Accra, da wuya kwamfutoci su zo iri ɗaya. Wani ya sayo tsohuwar kwamfuta mai Windows a Circle, wani yana kan Ubuntu, sabar kuwa Linux ce. Sai mutum ya gyara layi guda, `git diff`, umarnin duba canji a Git (manhajar da ke adana tarihin kod), ya nuna masa fayil ɗin gaba ɗaya ya canza. Ko kuma a tura fayil ɗin `.sh` zuwa sabar ya ƙi tashi, yana kukan `/bin/bash^M`.

Sanadin harafi ne da ido ba ya gani. Windows na rufe kowane layi da haruffa biyu, CR mai lamba 13 da LF mai lamba 10, gado daga injinan buga saƙo na da: ɗaya ya mayar da kan injin farkon layi, ɗaya ya tura takarda sama. Linux da macOS kuwa LF kaɗai suke sakawa. Wancan `^M` ɗin shi ne CR.

Abin da ke ba ni haushi shi ne maganin da ake yi. Wannan ya liƙa `dos2unix`, mai mayar da CRLF (wato CR da LF) zuwa LF, kafin kowane `commit`, wancan ya watsa `replace("\r\n", "\n")` a wurare barkatai cikin kod, sannan a rubuta a README cewa kowa ya saita `core.autocrlf`, saitin Git mai juya ƙarshen layi. To, ƙannena, wannan saitin a kwamfutar mutum yake zama, ba ya bin `git clone`. Sabon yaro ya shigo aiki, rigima ta dawo sabuwa. Hukuncin wuri ɗaya ya kamata ya zauna, wurin da ke tafiya tare da kod ɗin.

Ku fara da duba halin da ake ciki: `git ls-files --eol`. A gaban kowane fayil za ku ga `i/`, wato abin da Git ya adana, da `w/`, abin da ke kan faifanku. Duk inda kuka ga `i/crlf` ko `i/mixed`, nan ciwon yake.

Sai ku buɗe fayil mai suna `.gitattributes` a tushen aikin. Layin farko `* text=auto`. Ma'anarsa duk fayil ɗin da Git ya gane rubutu ne, zai adana shi da LF, ko daga wace kwamfuta ya fito. Ku ƙara `*.sh text eol=lf` don fayilolin da sabar ke gudanarwa, da `*.bat text eol=crlf` don na Windows. Hotuna kuwa `*.png binary`. Git na iya gane hoto da kansa, amma ni na fi son in faɗa masa baki da baki, domin hoton da aka taɓa wa baiti guda zai iya lalacewa. In kuna da fayilolin gwaji da aka sa musu CRLF da gangan, ku ba su `-text` don kada a taɓa su.

Kafin mataki na gaba, ku sanar a zauren WhatsApp na aikin cewa kowa ya tura abin da ke hannunsa a haɗe rassa. Wanda ya bar reshe a buɗe zai sha wahalar haɗawa daga baya. Sannan mutum ɗaya ya buga `git add --renormalize .`, umarnin da ya shigo a Git 2.16 a shekarar 2018, ya yi `commit`. Kada a cusa wani gyara a ciki, ko da waƙafi ne. Dalili: wannan `commit` ɗin zai taɓa layuka masu yawa, `git blame` kuma, mai nuna wanda ya taɓa kowane layi a ƙarshe, zai riƙa nuna sunan wanda ya yi wannan sharar a matsayin marubucinsu. Ku sa lambar `commit` ɗin a fayil mai suna `.git-blame-ignore-revs`, ku nuna wa Git shi da `blame.ignoreRevsFile`, wanda ke aiki tun Git 2.23. GitHub ma yana karanta wannan fayil.

Sauran mutane su jawo canjin. Wanda yake son fayilolin faifansa su bi sabuwar doka nan take sai ya buga `git rm --cached -r .` sannan `git reset --hard`, amma a kula, na biyun yana share duk gyaran da ba a adana ba.

Yanzu sai goge-goge, ɓangaren da na fi jin daɗinsa. Ku cire `dos2unix`, ku cire gargaɗin README, ku bi duk `replace` ɗin nan ɗaya bayan ɗaya. A Python, `open()` da aka buɗe a yanayin rubutu yana mayar da CRLF zuwa LF da kansa, `splitlines()` kuma ya san su duka.

Wuri ɗaya za ku bari: ƙofar da bayanai ke shigowa daga waje. Lissafin ciniki da ɗan kasuwa ya fitar daga Excel a Windows da CRLF zai zo, kuma Git ba ruwansa da shi tunda ba ya cikin ma'ajiya. Ku buɗe shi da `newline=""`, ku miƙa wa `csv` na Python, ya yi aikinsa.