Yadda za ka rubuta labarin ɗan jarida mai bin diddigin mutuwa, da raha a ciki

Abin da na fi gani a rubutun matasan da ke kawo min duba shi ne likita ya tsaga gawa ya gano guba. Amma in a Sakkwato ka kafa labarinka, can wanda ya rasu da asuba, kafin azahar an kai shi makwanci. To ɗan jaridarka ba gawa zai bincika ba, bakunan mutane zai bi, kuma a nan daɗin littafin yake.

Ka zaunar da shi wurin makoki kwana 3. Ya shimfiɗa tabarma kusa da mai wankan gawa, tsohon da ya ga launin farcen mamaci amma ba ya son faɗa. Ya ji matar da ta ce marigayin ya sha fura da la'asar, alhali kishiyarta ta rantse azumi yake. Wannan saɓanin kaɗai ya isa ya riƙe babi biyu. Mutuwa biyu ko uku sun wadatar, amma a sami abu guda da ya haɗa su: bashin albasa, ko fili a unguwar Mabera, ko shanun da aka sayar a kasuwar Kara ba a biya ba.

Rahar kuwa a kan masu rai za ta sauka. Kada ka taɓa mamaci ko hawayen iyalinsa, mai karatu ba zai yafe maka ba. Edita mai kashe waya idan an tambayi kuɗin mai, ɗan kabu-kabu da ya san sirrin kowa daga unguwar Gawon Nama har ta Runjin Sambo, kakar da ke zolayar jikanta ɗan jarida tana ce masa mijinta marar sana'a. Ka haɗa Bagobiri da Bayarabe a teburin mai shayi, wasan da ke tsakaninsu zai fitar da zancen da tambaya ba ta fitarwa.

Bari mutanen labarin su yi Sakkwatanci: "mi kac ce?", "wanga yaro". Ka sa labarin a watan Afrilu, lokacin da zafi ke wuce digiri 40, domin mutane na kwana a waje, kuma mai kwana a waje yana ganin mai shiga da fita.

Sunayen ofisoshi da mutane duk ka ƙirƙiro naka. Mai laifin kuma ya bayyana tun babin farko, yana raba goro a wurin makokin.