Biyan harajin gari da inshorar lafiya tun da wuri a Japan

Da farko ka buɗe ambulan da hukumar gari ke aikowa wajen watan Yuni. Harajin gari kashi huɗu ne: Yuni, Agusta, Oktoba da Janairu. Na inshora ya danganta da garinku.

Duba ko akwai takardar biyan shekara gaba ɗaya. In akwai, ita kaɗai za ka miƙa. Kada ka haɗa ta da na kashi-kashi, sau biyu za ka biya, kuma dawo da kuɗin sai an jira.

Kai ta kanti irin 7-Eleven da tsabar kuɗi. In takarda ta haura yen 300,000, sai banki ko gidan waya.

Karɓi rasit mai hatimi, ka adana.