Masu tafkin kifi, ku kula da koren nan mai kama da fenti

Jama'a in kun ga ruwa ya yi kore shar, yana wari, kamar an zuba fenti a samansa, to ba gansakukar da muka saba ba ce, bakteriya ce, kuma gubarta hanta take kamawa, ko an tafasa ruwan ba ta fita. Kar dabba ta sha.

Kar ku yi gaggawar zuba magani, in ta mutu lokaci ɗaya fashewa take ta saki gubar cikin ruwa. Ku fara rage abincin kifi, ku tare kashin dabbobi da takin da ruwan sama ke kwasowa, su ke ƙosar da ita. Busasshen karan sha'ir a cikin raga, a bar shi yana yawo a sama, yana iya rage yaɗuwarta, amma fa sai an sa da wuri don sai ya yi makonni yana ruɓewa kafin ya fara aiki.