Yadda Ake Auna Matashin Ɗan Wasan Tsakiya da Ma'aunin Ƙwararru

A filayen unguwannin Bauchi da Gombe ba a rasa "Kante" ko "Mikel". Yaro gajere mai yawan gudu sai a laƙaba masa Kante, dogo mai riƙe ƙwallo kuwa Mikel. Laƙabi na 'yan kallo ne. Kocin da zai kai ɗalibin Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa (ATBU) ta Bauchi ko na Jami'ar Jihar Gombe wajen tantancewa a Wikki Tourists, Gombe United ko Doma United, aikinsa ya wuce kamannin jiki.

Ka'idar farko: a kwatanta yaro da ƙwararren a lokacin da yake shekarun yaron. Kante yana da shekara 21 yana buga rukuni na uku a Faransa tare da Boulogne, sai a 2015 ya isa Leicester. Wanda ya auna ɗan shekara 19 da Kanten da ya ɗauki Kofin Duniya a 2018 ya zalunci yaron. Haka ma matsayi yana sauyawa. Mikel Obi ɗan wasan kai hari ne a gasar 'yan ƙasa da shekara 20 ta 2005, inda ya zo na biyu bayan Messi a zaɓen gwarzon gasa, amma Chelsea ta mayar da shi mai tare tsakiya. Ndidi kuwa da tsaron baya ya fara.

Saboda haka kada a ce "yana kama da wane", a ce "yana kama da wane a abu kaza". A kalli cikakkun wasanni uku aƙalla: ɗaya a gida, ɗaya a waje, ɗaya da ƙungiyarsa ke shan kashi. Gajeren bidiyon Facebook ba ya shiga lissafi, domin babu mai ɗora kurakuransa. A riƙe takarda a rubuta:

Sau nawa yake waigawa kafin ƙwallo ta iso shi? Wannan ya fi komai bayyana ɗan tsakiya. Wanda ba ya waige, sai ya tare ƙwallo sannan ya fara tunani, kuma a Firimiyar Najeriya kafin ya ɗago kai an riga an ƙwace. Cikin fasin goma, nawa ne suka ratsa layin abokan hamayya, nawa suka koma baya ko gefe? Me yake yi a daƙiƙa biyar na farko bayan ya rasa ƙwallo, bin ta ko ɗaga hannu yana neman alƙalin wasa? Sai ƙafarsa mara ƙarfi, da yadda yake bayan minti na 70.

Daga nan a nemo cikakken wasan ƙwararren a ƙirga abubuwan nan dai, da alƙalami ɗaya. A fitar da sunaye uku: wanda yaron zai iya kamowa idan komai ya tafi daidai, wanda ya fi yiwuwa ya zama, da wanda zai tsaya a kai idan bai ƙaru ba. Na tsakiyan shi ake gina shawara a kai, kuma galibi ɗan wasan gida ne, ba na Turai ba.

Inda ake yawan faɗawa rami shi ne shekaru. Ɗan 24 cikin 'yan 18 dole ya yi fice, ƙarfi ne kawai ba basira ba. A gwada takardar haihuwa da rajistar firamare da NIN. FIFA ma tun 2009 take ɗaukar hoton ƙashin wuyan hannu da na'urar MRI ta asibiti don tantance shekaru a gasar 'yan ƙasa da 17. Fili ma yana ruɗi: a filin ƙasa ƙwallo tana tsalle, fasin ƙasa-ƙasa ba ya tafiya, don haka sai an ga yaron a kan ciyawa, a filin wasa na Pantami a Gombe ko na Abubakar Tafawa Ɓalewa a Bauchi, kafin a yanke hukunci kan taɓawarsa ta farko.

Alƙaluman ƙaramar gasa kuma ba sa bin mutum zuwa babba. Osimhen ya ci ƙwallo 10 a Kofin Duniya na 'yan ƙasa da 17 a Chile a 2015, ya je Wolfsburg bai ci ko ɗaya ba, sai a Charleroi ta Beljiyam ya farfaɗo. Amurkawa, duk da tulin bidiyo da ma'aunansu, a zaɓen sababbin 'yan wasa na ƙwallon Amurka (NFL) sun ɗauki Ryan Leaf na biyu a 1998 bai yi abin kirki ba, suka bar Tom Brady, wanda daga baya ya zama gwarzon wasan, har lamba ta 199 a 2000.

A rubuta kwanan wata a kan takardar, a sake ƙirgen bayan wata shida da tambayoyin nan. Idan yawan waigen bai ƙaru ba duk da an nuna masa, a sauko da sunan tsakiyan mataki ɗaya.