Yadda za ki sa sagara kwanci har ta fito miki da 'yan tsaki

Shekarar da na fara kiwo a gidanmu na Ƙofar Sauri, wata jar sagara ta maƙale a lungun kicin kwana biyu, na yi murna na tura mata ƙwai goma sha biyu. Kwana shida ta yi ta tashi abinta ta bi zakara. Duk suka zama bara-gurbi. Gwaggona da ta zo daga Daura ta leƙa ta ce, "Ke 'yar nan, yarinya kika ɗora wa kayan manya." Tun daga ranar ba na ba sagara ƙwai sai na gwada ta.

Gwajin shi ne matakin farko. Kazar da ta shiga kwanci da gaske ba ta hawa wurin kwananta da dare, a gurbi take kwana. In kika kai hannu sai ta kumbura, ta yi ƙara, ta kai miki sara. Ki ɗaga ta ki duba ƙirjinta, za ki ga ta fige gashin wurin don fatarta ta riƙa taɓa ƙwai. Ko kin ga duk wannan, kada ki yi gaggawa. Ki sa mata ƙwai biyu waɗanda ba za ki ji zafin asararsu ba, ki ba ta kwana uku. In tana nan dare da rana, to ta shirya.

Cikin kwanakin nan ki gyara gurbi. Fasasshiyar tukunya ko tsohon kwando ya isa. Ki zuba yashi mai ɗan sanyi a ƙasa, ki barbaɗa tokar murhu saboda ƙuma, ki shimfiɗa busasshiyar ciyawa, ki ɗan lotsa tsakiyar don kada ƙwai su mirgine gefe. Ƙuma ce ta fi korar sagara daga kwanci, gara ki yi maganinta tun kafin a fara. Wurin ya zama mai inuwa da duhu-duhu, wanda za ki iya rufewa da dare saboda muzuru da gafiya. A bazarar Katsina, daga Maris zuwa Mayu, zafi kan haura digiri 40, don haka ki nisanci ƙarƙashin kwano maras rufi. In za ki sauya mata wuri, ki bari sai bayan isha'i. Da rana in kika ɗauke ta, tsohon gurbinta za ta koma.

Sai zaɓen ƙwai. Dole a ce akwai zakara a gidan da ƙwan ya fito, na kiret da ake sayarwa a shago ba ya ƙyanƙyashewa. Ki ɗauki waɗanda ba su wuce mako guda ba, matsakaita, marasa tsaga. Kada ki wanke su, domin ɓawon yana da wata kariya da ruwa ke tafiya da ita. Ni a gindin randa nake ajiye nawa, tsinin yana kallon ƙasa. Babbar kazar Hausa tana rufe goma, amma sagara shida zuwa takwas sun ishe ta. In ta kwanta kika hango ƙwai yana leƙowa ta gefen fiffike, sun yi mata yawa, ki rage.

Ki yi wa kowanne alama da fensir, ki sa su duka a dare ɗaya, ki rubuta ranar. Amfanin alamar shi ne sauran kaji kan kutsa su yi ƙwai a gurbinta. Duk wanda kika tarar babu alama ki cire, in ba haka ba lissafin kwana zai rikice.

Daga nan kwana 21 ne. Aikinki kaɗan ne, ita ce ke juya ƙwanta da baki. Ki ajiye mata ruwa da gero ko dawa a ɗan nesa, yadda sai ta tashi. Takan fito sau ɗaya a rana, ta ci, ta sha, ta yi kashi mai yawa da wari, ta yi birgima a ƙasa, ta koma cikin kamar rabin awa. Kada wannan ya tayar miki da hankali. Amma sagara kan yi shirme iri biyu: wata ta ƙi tashi sam har ta rame, wata ta koma gurbin wata kazar ta bar nata ya huce. Ta farkon ki ɗauke ta a hankali ki sauke gaban abinci, ki fara shafa ƙarƙashin fiffikenta kada ƙwai ya maƙale ya faɗo. Ta biyun kuwa, ki tsaya sai kin ga ta koma inda ya dace.

Ranar kwana na goma, da dare, ki haska kowane ƙwai da tocilan waya. Mai rai za ki ga jijiyoyi ja kamar saƙar gizo, da wani baƙin ɗigo da ke motsi. Wanda haske ya ratsa fes, babu komai ciki, ki fitar da shi kafin ya ruɓe ya fashe ya ɓata sauran. Daga kwana na 18 ki daina taɓawa gaba ɗaya.

Wajen kwana na 20 za ki fara jin kukan tsaki daga cikin ɓawo. A nan ne mutane ke yin ɓarna da hannunsu. Ɗan tsako kan huda ɓawo ya huta, wani sai ya kwana bai fito ba. Lokacin yana janye sauran gwaiduwa cikin cikinsa ne, jijiyoyin jini na bushewa. In kika ɓare masa, jini zai zuba ya mutu a hannunki. Ki kore yara daga wurin, ke ma ki danne zuciyarki. Waɗanda suka riga fitowa ba sa jin yunwa, gwaiduwar nan tana riƙe su kwana biyu. Abin da za ki sa wa ido shi ne uwar. Wata sagarar kan tsorata da abin da ke motsi a ƙarƙashinta ta kai masa sara. In kin ga haka, ki kwashe su cikin kwali da tsumma mai ɗumi, ki mayar mata da dare.

Idan ta sauko da su, ki sa ruwa a murfi maras zurfi, ki jefa tsakuwa ciki don kada su nutse. Ki ba su tsakin gero mai laushi, ko abincin 'yan tsaki na buhu, da gara in kin samu. Kada ki sake su tsakar gida. An ce kaza mai 'ya'ya ke tsoron shirwa, amma sagara ba ta gama koyon wannan tsoron ba, sai ta ja su fili ko cikin raɓa. Ki tsare su a akurki ko ƙarƙashin babban kwando na sati uku zuwa huɗu. Ki kuma nemi likitan dabbobi ya ɗiga musu riga-kafin cutar Newcastle, wadda ke share kaji lokacin hunturu. Cibiyar binciken dabbobi ta Vom a jihar Filato tana yin wannan riga-kafin.

In damina ta faɗi kika samu ƙwan zabi, kada ki ba sagara. Na zabo kan kai kwana 26 zuwa 28, ki bar wa tsohuwar kaza da ta saba dogon zama.