Kurakuran da aka fi yi wajen ɗaura wa motar lantarki ƙarfen jan rimok a gida

Mutumin Yamai in ya sayi mota ba ya barin ta ta ci banza. Akwai lambu a bakin kogi, akwai gona wajen Kollo, ga buhunan hatsi, ga ragon layya da ake zuwa nema Baleyara ranar Lahadi. Shi ya sa masu motocin lantarkin nan da suka fara bayyana ɗaiɗai a gari, kafin wata uku sai ka ji suna tambayar yadda za su ɗaura ƙarfen jan rimok, wanda makanisiyoyinmu ke kira atelaj. Rimok shi ne amalanken da mota ke ja a bayanta. Aikin ba gagara ba ne. Mutum biyu masu natsuwa suna gama shi a tsakar gida daga hantsi zuwa la'asar. Abin da ke ɓata shi, yawanci, sabo ne. Hannun da ya girma a ƙarƙashin Hilux da tsohuwar Peugeot 504 yana zuwa da al'adunsa, ita kuwa wannan motar cikinta ba irin na waɗancan ba ne.

Kuskuren da ke gaban duka shi ne a sayo ƙarfe tun ba a tambaya ba ko motar an yi ta don ja. Mutum ya taka totur ya ji yadda take fizga ba ƙara ba hayaƙi, sai ya ce wannan ai ko tirela ta ja. Ƙarfin fizga daban, izinin ja daban. Abin da ke yanke hukunci shi ne ƙwarin ƙarfen bayanta, da birkinta, da yadda take sanyaya batiri da inji in sun ɗau zafi. Nissan Leaf ta ƙirar farko da ta biyu, da Renault Zoe, kamfanoninsu ba su ba su izinin jan rimok ba, ƙarfen da za ka ga ana tallarsa dominsu na ɗora keke ne. Tesla Model Y kuwa tana jan kilo 1,600 in rimok ɗin na da birkinsa, haka ma Hyundai Ioniq 5 mai babban batiri.

Gyaran wannan ba ya cin ko dala. Buɗe ƙofa ka duba ƴar farantin da ke manne a ginshiƙi. A motocin da suka fito daga Turai za ka ga lambobi huɗu a jere: na farko iyakar nauyin motar da kayanta, na biyu nauyinta haɗe da rimok, sauran biyun na ƙafafun gaba da na baya. Cire na farko daga na biyu, abin da ya rage shi ne kusan iyakar abin da za ka ja, sannan ka tabbatar a littafin motar. In layi na biyu babu komai ko sifili ne, magana ta ƙare, a nemi wata dabara. Rimok maras birki kuma, a ƙa'idar Turai, ba ya wuce kilo 750 ko da motar ta fi ƙarfin haka, wasu motocin ma ƙasa da hakan aka yanke musu. Kuma nauyin rimok ɗin kansa yana cikin lissafi. Irin da ake ƙerawa a nan da ƙarfe mai kauri, tun yana fanko ya cinye kaso mai tsoka.

Sai babbar magana, walda da huji.

Ƙanen matata ya taɓa kai motarsa wurin wani mai walda da muka daɗe muna hulɗa da shi. Mutumin ya duƙa ya leƙa, ya miƙe ya kaɗe gwiwa ya ce, "Alhaji, bar mini ita awa biyu, in yi maka wanda ya fi na Turawa ƙarfi." Allah ya sa ƙanen matar tawa ya kira ni kafin a kunna injin walda. Ba raina masu walda nake yi ba. Wanda ya ga abin da ake ƙerawa da tsohon ƙarfe a kasuwar Katako ya san akwai gwanaye, kuma in rimok ɗin kansa kake so, su za ka nema. Amma a jikin motar lantarki sandar walda ba ta da wurin zama. Wutar walda tana shiga ƙarfe ta nemi hanyar komawa wurin da aka maƙala wayar ƙasa, a kan hanyarta kuwa akwai ƙananan kwamfutoci da yawa, ɗaya daga cikinsu ita ce mai kula da batiri. Zafin kuma yana kashe taurin ƙarfen da aka gina bayan motar da shi, wurin ya yi kyau a ido alhali nan zai fara tsagewa. Wasu motocin ma sassan bayansu alminiyam ne, ba ya karɓar waldar baƙin ƙarfe.

Huji ya fi walda haɗari ga mai yin sa. Batirin motar shimfiɗe yake a ƙarƙashin daɓe, tsakanin ƙafafun gaba da na baya, kuma daga shi wayoyi masu launin lemu suke tafiya zuwa inji da wurin caji, wanda a motoci da yawa a baya yake. Wutar da ke cikinsu ta kai wajen bolt 400, a Ioniq 5 da Kia EV6 har kusan 800. Ka tuna wutar gidanmu 220 ce kuma tana kisa. Duk wayar da ka ga launin lemu ce, ba a taɓawa, ba a matsar da ita gefe, ba a ɗaure wata waya a jikinta.

Motar da aka yi don ja, kamfani ya riga ya bar mata ramukan bulon. A galibinsu ana cire parashok, wato garkuwar bayan mota, a kwance ƙarfen kariyar da ke bayansa, atelaj ya hau gurbinsa a kan ramukan nan. Don haka a sayi wanda aka ƙera wa wannan motar da shekararta, a aika wa mai sayarwa lambar shasi mai harufa da lambobi 17 kafin a biya, ko daga Faransa za a turo ko ta Lome. Na ƙwarai yana zuwa da ƴar farantinsa mai nuna nauyin da yake ɗauka, da bulon ɗinsa, da takardar ɗauri. In ka gwada ramuka ba su dace ba, ƙarfen ba na motarka ba ne. Kada a faɗaɗa rami don ya shiga.

Wajen ɗaga mota ma ana ɓarna. Yaro ya tura kirik ƙarƙashi, ya ga wuri shimfiɗaɗɗe mai ƙarfi, ya fara murzawa, ashe murfin batiri ne. Lotsawa kaɗan a nan tana iya jawo kuɗin da ya kusa na wata motar. Akwai wuraren ɗagawa huɗu da littafi ya nuna, a gefe kusa da ƙafafu, Tesla ma sai an sa mata ƴar roba a ramin kafin kirik ya taɓa. Motocin nan nauyi gare su, Model Y tana kusan tan 2, tsakar gidajenmu kuma rairayi ne. A nemi daɓen siminti ko a shimfiɗa katako mai kauri, a sa ƙafafun tokare, kada kowa ya shiga ƙarƙashi kirik kaɗai na riƙe da ita. Tubalin siminti ba matokari ba ne, fashewa yake yi ba sallama.

Abin da mutane ke mantawa shi ne motar lantarki ba ta mutuwa, barci take yi. Makulli na aljihunka, ko ka taɓa ta a salula, sai ta farka. Cire ta daga caji, kashe ta yadda littafi ya ce, kai makulli ɗaki. In takarda ta ce a cire kan ƙaramin batiri mai bolt 12, to ka bar but a buɗe ka sauke gilashi ɗaya tukuna, don a wasu motocin ƙofofi da wuta suke buɗewa. Na ga wanda ya rufe kayan aikinsa da takardar ɗaurin a ciki ya tsaya yana kallonsu ta gilashi.

Parashok a cire shi da lallami, ranar Yamai ta riga ta gasa ƴan maƙallan robarsa, da an fizga sai su karye. A tanadi sababbi. Kafin a janye shi gaba ɗaya a leƙa a zare wayoyin na'urorin da ke ƙara in ana ribas, a ɗauki hoton kowace da inda take. Murfin robar ƙarƙashi kuwa a yanka shi daidai zanen da ya zo a takarda a mayar. Wasu kan jefar da shi don lalaci, sai ƙurar hunturu da ruwan damina su sami ƙofa.

Ɗaurin bulon kuma mun saba yin sa da ji a hannu, a ƙara bututu a kan kile a taka har sai ya yi kuka. A nan akwai adadi. Bulon M12 mai lamba 8.8 a kansa wajen nyuton-mita 80 yake so, wato awon ƙarfin ɗauri, mai 10.9 ya fi haka, amma abin da takardarka ta rubuta shi ne doka. A ari kile mai awon ɗauri ko a saya. Wanda aka wuce masa ƙima ya miƙe, wata rana a kan gargada zai tsinke, wanda bai kai ba kuma zai yi ta wasa yana cin raminsa. In ɗaya ya ɓata kada a maye shi da na tire a kasuwa wanda kansa ba lamba. Kafin ɗauri a kankare baƙin danƙon da ke wurin da ƙarfe zai kwanta kan ƙarfe, in an bar shi zai lotse daga baya ɗaurin ya saki. A sa duka da hannu tukuna, a daidaita, sannan a ƙulle. Bayan kilomita 1,000 a sake bi, a hanyoyinmu ni tun kafin nan nake dubawa.

Wayar fitilu ita ce inda ko masu hankali suke faɗawa. A tsohuwar mota ana feƙe wayar fitilar baya a murɗa ta rimok a kai a naɗe da salatif, shi ke nan. A wannan, kwamfuta ce ke ba kowace fitila wuta, tana kuma auna abin da ta sha. Ka ƙara mata ƙwan rimok, sai ta ga nauyi ya ƙaru, ta kunna gargaɗi a allo, ko ta yanke layin, ko sashen ya ƙone. Abin da ake so shi ne damin waya na wannan motar, mai ƴar akwatinsa da ke jawo wuta daga ƙaramin batiri ta fis ɗinta, ta karanta umarni kawai daga motar. Wasu motocin sai an shigar musu da labarin a kwamfuta sannan su san suna da rimok. Wannan ba ado ba ne. In ta sani, takan kashe ƙarar ribas, ta gyara yadda take riƙe kanta in rimok ya fara lilo, wasu har lissafin sauran tafiya suke sakewa. Wannan sashen, in ba ka da na'urar shigar da labarin, kai wa mai ita. A kuma duba soket tun wuri: na Turai mai ƙafa 7 ne ko 13, motocin Amurka sukan zo da shimfiɗaɗɗe mai 4 ko wani mai 7 da bai dace da na Turai ba. Akwai mahaɗin da ke sulhunta su, a saya tare.

Bambancin Turai da Amurka bai tsaya a soket ba. Ƙwallon da ke bakin atelaj, wanda kan rimok ke hawa, na Turai milimita 50 ne. Na Amurka akwai mai inci 2, wato milimita 50.8, akwai kuma ƙarami mai wajen 47.6. A ido duk ɗaya ne. Kan rimok mai 50 in ya hau ƙaramin nan zai yi kamar ya kama, sai an hau tudun rage gudu ya tashi. Lambar tana buge a kan ƙwallon da kuma kan rimok, a karanta. Tsayin tsakiyar ƙwallo daga ƙasa, mota na ɗauke da kaya, ya kamata ya faɗa tsakanin santimita 35 da 42, rimok ya tsaya miƙe ba ya sunkuyo ba ya ɗaga kai. Sarƙar tsaro kuma a ramin da aka yi mata take shiga, ba a wuyan ƙwallo ba.

Ko an ɗaura komai daidai, lodi yana iya rusa aikin. Nauyin da ke danna ƙwallo yana da iyaka, a yawancin motocin nan tsakanin kilo 75 da 100, yana rubuce a littafi. Sikelin awon mutum da guntun katako sun isa a auna shi. Ya yi yawa, gaban mota ya yi sauƙi sitiyari ya rage kamu. Ya yi kaɗan, wato an tara kaya a baya, rimok ya fara wutsiya da an ɗan ƙara gudu. Kaya masu nauyi a kan ƙafafun rimok suke zama, a ɗan karkato su gaba. Raguna kuwa ba buhu ba ne, da an taka birki sai su taru wuri guda, a yi musu shinge a tsakiya.

Sai lissafin hanya. Rimok mai tsayi yana iya cinye kusan rabin nisan da caji ɗaya ke kai ka, kuma iska ce ke cin wutar fiye da nauyi. Shi ya sa sauka daga gudun 100 zuwa 80 yake dawo da kilomitoci masu yawa, haka ma sauke tsayin kaya a ja tamfol a ɗaure tsaf. Ƙara da zafin Afrilu da Mayu, lokacin da na'urar sanyi ke sha, batirin ma yana sha don sanyaya kansa. Motar da ke nuna maka kilomita 400 da safe, ɗauke ta a matsayin 200. Baleyara kusan kilomita 100 ce, zuwa da dawowa ke nan babu rara, Dosso wajen 140, sai ka san gidan da za ka kwana kana caji. Zuwa garin Tawa da rimok a baya kuwa, fiye da kilomita 500 ta Dogon Dutse da Ƙonni, ba tafiyar yini ɗaya ba ce. Ba a fafe gora ranar tafiya: kafin jajibirin layya ka ɗora buhunan yashi daidai nauyin da za ka ɗauko, ka je Kollo ka dawo, ka rubuta kashi nawa na batiri ya tafi a kilomita nawa. Da ka dawo gida ka sa hannu kusa da cibiyar ƙafafun rimok ka ji ko sun yi zafi, sannan ka bi bulon ɗin atelaj ɗaya bayan ɗaya da kile mai awo.